Duniya Rumfar Kara: Idin Bukkoki da Tambayar Wane Ne Mai Gida

Duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya kai babi na 23 na Littafin Firistoci, zai tarar da jerin idodin da aka ɗora wa Bani Isra'ila a cikin shekara. Akwai Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitarsu daga bautar Masar. Akwai Idin Makonni, bayan kwana hamsin. Akwai Ranar Kafara, ranar azumi da neman gafara, a goma ga watansu na bakwai. Kwana biyar bayan wannan rana sai a shiga idi na ƙarshe a jerin, wanda Yahudawa ke kira Sukkot, masu fassara kuma suka sa masa suna Idin Bukkoki. Umurnin da ke cikinsa gajere ne: mutum ya fita daga ɗakinsa, ya kafa bukka ta rassa da ganyaye, ya zauna a cikinta kwana bakwai, yana murna a gaban Ubangijinsa.

A wannan maƙala muna so mu tsaya a kan tambaya guda. Me ya sa aka ce wanda ke neman zama a gaban Allah ya bar gininsa ya koma bukka, kuma wane ne ainihin wanda aka yi wa wannan umurni? Za mu bi tambayar ta hanyar fahimtar Yahudawa Masu Bin Almasihu, domin su ne suka fi kowa matsa wa wannan idi lamba a kan batun zaman Allah tare da mutane. Wurin da za mu auna amsar kuwa shi ne Bukuru, a kudancin Jos, garin da ya san bukka fiye da yadda yake so ya tuna.

Kalmar bukka ta dace da garin ta fuskoki da yawa. Dokta Walter Miller, wanda ya ja gaba wajen fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, a Bukuru ya ƙare kwanakinsa a 1952. A nan ne kuma Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya take, wadda aka fi sani da TCNN, wadda ta fara karatu a 1959 a ƙarƙashin Harry Boer, inda ɗalibai daga ikilisiyoyin TEKAN da wasunsu ke karanta waɗannan ayoyi shekara da shekaru. Amma tun kafin kwaleji, garin kansa daga bukkoki ya taso. Ƙasar Birom ce, ƙasar acca da duwatsu, sai Turawa suka biyo kuza a farkon ƙarni na 20. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, kamfanin ATMN ya kafa hedkwatarsa a garin, leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da kudancin ƙasar, ana zuba su a barikin kuza, cikin ɗakunan ciyawa da ba a yi su don daɗewa ba. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamnatin Ingila ta tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuza, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, sanyin tudu da yunwa da ciwo suka kashe da yawa daga cikinsu. Jikokin waɗanda suka tsira, da jikokin waɗanda aka haƙe gonakinsu aka bar musu kududdufai, su ne mutanen Bukuru na yau.

Yadda ake kafa bukkar

Kafin mu shiga ma'ana, ya kamata mu san abin da ake magana a kai, domin malaman Yahudawa ba su bar shi a dunƙule ba. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya keɓe sashe guda ga wannan bukka. Kada tsayinta ya wuce kamu ashirin, kada kuma ya gaza faɗin tafin hannu goma. Ta kasance da bango uku. Rufinta ya zama na abin da ƙasa ta tsirar kuma aka yanke shi, kamar rassa ko kara; inuwar da ke ciki ta fi hasken rana yawa, amma an fi so mai kwance a ciki ya iya hango taurari ta tsakanin ganye. Bango yana iya zama na dutse, ba laifi. Rufin ne ba a yarda ya yi ƙarfi ba. Wato an bar wa mutum kariya daga maƙwabci da iska, an hana shi kariya daga sama.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san bukkar gona da ake kafawa lokacin da hatsi ya nuna, ya san bukkar Fulani a ruga, ya kuma riga ya yanke wa duniya hukunci da cewa rumfar kara ce. Lokacin idin ma ba baƙo ba ne a gare shi: yana faɗowa tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Oktoba, wato kaka, sa'ad da ake shigar da amfanin gona. Wani malamin Yahudawa na ƙasar Faransa a ƙarni na 12, wanda ake kira Rashbam, ya ce hikimar sa idin a wannan lokaci ita ce, ran da rumbu ya cika ne zuciya ke raya wa mutum cewa ƙarfinsa ne ya tara masa. Sai a ce masa ya fita, ya kwana inda kakanninsa suka kwana sa'ad da ba su da gona ba su da gida.

Akwai wata tsohuwar jayayya a cikin Talmud tsakanin malamai biyu, Eliyeza da Akiba, a kan irin bukkokin da ake tunawa. Ɗaya ya ce bukkoki ne na gaske, irin na matafiya a hamada. Ɗayan ya ce gizagizai ne na ɗaukakar Ubangiji da suka yi wa jama'a inuwa a tafiyarsu. Ba a raba gardamar ta yadda ɗaya zai kori ɗaya ba, kuma a ganinmu gara da aka bar ta haka. Idan bukka ce kawai, idin ya zama tunawa da wahala. Idan girgije ne kawai, ya zama labarin sama da bai taɓa ƙasa ba. Da aka riƙe biyun tare, sai ya nuna cewa a wurin da rufi ya fi rauni a nan aka fi jin kusancin Mai Sama.

Karatun Masu Bin Almasihu

Yahudawa Masu Bin Almasihu mutane ne da suka gaskata cewa Yesu, wanda suke kira da sunansa na Ibrananci, Yeshuwa, shi ne Almasihun da aka yi wa Isra'ila alkawari, amma ba su yarda cewa wannan imani ya raba su da Asabar da idodi da sauran al'adun kakanninsu ba. Ƙungiyarsu ta zamani ta yi ƙarfi a Amurka daga ƙarshen shekarun 1960. A 1973 Moishe Rosen ya kafa ƙungiyar Jews for Jesus, a 1975 kuma tsohuwar ƙungiyar Kiristoci Ibraniyawa ta Amurka, wadda aka kafa a 1915, ta sake suna ta ɗauki sunan Masu Bin Almasihu. Matsayinsu ba mai daɗi ba ne. Manyan rassan addinin Yahudanci duka suna ɗaukarsu Kiristoci, Kotun Ƙolin Isra'ila ma ta yanke hukunci a 1989 cewa wanda ya bi wannan tafarki ya shiga wani addini, ba zai nemi zama ɗan ƙasa da sunan shi Bayahude ne ba. Wasu Kiristoci kuma suna kallonsu da shakka, suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ga Kolosiyawa inda aka kira idodi inuwar abin da ke zuwa. A Nijeriya, inda aka fi samun masu irin wannan ra'ayi shi ne ƙasar Ibo, cikin majami'un masu kiyaye Asabar. Mutanen da gida biyu suka rufe wa ƙofa, ba abin mamaki ba ne su ƙaunaci idin bukka.

Karatunsu ya rataya ne a kan kalma guda. A farkon Bisharar Yohanna, inda aka ce Kalma ya zama mutum ya zauna a cikinmu, fi'ilin Girkancin da aka fassara da zama ma'anarsa ta asali kafa alfarwa ce. Wannan ya mayar da su ga alfarwar da Musa ya kafa a hamada, wadda ake kira Mishkan, daga saiwar Ibrananci mai nufin zama, saiwar da ta haifi kalmar Shekina, wato kasancewar Allah a tsakiyar jama'arsa. Mai karatun Hausa zai ji ƙamshin kalmar, domin 'yar uwarta ce ta Larabci, sakina, wadda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara dangane da akwatin alkawari na Bani Isra'ila, wadda kuma muke raɗa wa 'ya'yanmu mata. Daga nan sai su bi zaren: a babi na 7 na Yohanna, a ranar ƙarshe ta wannan idi, lokacin da firistoci suka saba ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam su zuba a bagade, Yesu ya miƙe ya kira masu jin ƙishi su zo gare shi, Annabi Zakariya a babi na 14 ya hango ranar da dukan al'ummai za su hau Urushalima don wannan idi, littafin Wahayi kuma ya rufe da cewa alfarwar Allah za ta kasance tare da mutane. Wasunsu har suna cewa a cikin kwanakin idin aka haifi Yesu. Wannan lissafi ne na masu so, Linjila ba ta faɗi rana ba, kuma hujjarsu ba ta bukatarsa.

Ko mutum ya yarda da aƙidar ko bai yarda ba, Bayahude da Musulmi kuwa ba za su yarda da ita ba, kowa da dalilinsa, ya kamata a ga abin da take yi wa tambayarmu. Ta juya ta ne. Tun farko muna tambaya yaya mutum zai zauna a gaban Allah. Su kuma suna cewa Allah ne ya fara barin fada ya shigo bukka. Kuma ba daga Linjila suka fara samo wannan ba. A littafin Sama'ila na biyu, da Sarki Dawuda ya ji kunyar yana zaune a gidan katako mai tsada alhali akwatin alkawari yana cikin alfarwa, amsar da aka aiko masa ta bakin Annabi Natan ita ce Ubangiji bai taɓa neman gida ba tun ran da ya fito da su daga Masar, yana ta yawo da su cikin alfarwa. Sulemanu da ya gina Haikalin, a lokacin wannan idi ya keɓe shi, kuma a cikin addu'arsa shi da kansa ya yi tambaya ko Allah zai zauna a duniya, tun da sammai ma sun yi masa kaɗan. Bayan Rumawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70, malaman Talmud suka ce duk inda aka kai Isra'ila bauta, Shekina ta tafi tare da su.

Sai dai akwai rami a wannan hanya, kuma ba Masu Bin Almasihu kaɗai ke iya faɗawa cikinsa ba. Idan aka ce Almasihu shi ne bukkar, shi ne ruwan, shi ne hasken, abu ne mai sauƙi a mayar da komai cikin zuciya. Sai idin ya zama waƙa da rawa da jin daɗin ruhu, mutum yana zaune a gaban Allah ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba. Tun 1980 Ofishin Jakadancin Kirista na Duniya da ke Urushalima yake tara dubban baƙi kowace shekara don wannan idi, 'yan Afirka na cikin masu zuwa, kuma ba mu raina abin da mahajjaci ke ji a irin wannan taro ba. Abin da muke tsoro shi ne halin Bitrus a kan dutse, wanda da ya ga ɗaukaka sai ya nemi a kafa bukkoki uku a tsaya a can. Labarin ya nuna ba a amsa masa ba, an sauko da su ƙasa inda wani uba ke jira da yaronsa mai ciwo. Abin da ya ceci Masu Bin Almasihu daga wannan rami, idan sun tsira, shi ne nacewarsu a kan cewa sai an kafa bukkar da hannu, an ci abinci a ciki, an ji sanyi.

Ɗan ƙasa

Yanzu mun iso inda maganar ta shafi Bukuru kai tsaye. A aya ta 42 ta babin da muka fara da shi, ba a bar umurnin a buɗe ba, an faɗi wanda ya hau kansa. Kalmar Ibranancin ita ce ezra, mai ƙarewa da harafin maƙogwaro, ma'anarta haifaffen wuri, wanda ya tsiro a ƙasar kamar itace. Da Hausar ƙaramar hukuma, ɗan ƙasa. Shi ne aka ce ya fita daga gidansa. Malaman fiƙihun Yahudawa sun ciro hukunce-hukunce iri iri daga wannan kalma, amma mai karatun adabi ba zai kasa ganin abin da ke fili ba: a littafin da yake yawan jera ɗan ƙasa da baƙo tare, a nan an kama sunan ɗan ƙasa. Babi biyu a gaba, inda ake maganar sayar da gona, aka faɗi dalilin da ya fi wannan nauyi, cewa ƙasar ta Ubangiji ce, su kuwa baƙi ne masu zaman aro a wurinsa.

Babu wanda ya zauna a Filato da zai karanta wannan bai ji wani abu ya taɓa shi ba. Kalmomin ɗan ƙasa da baƙo su ne suka fi kowace kalma tsada a jihar. A kansu ake ba da takardar shaida ko a hana, da takardar kuma ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati. A kansu aka yi rikicin Jos na Afrilun 1994, da na Satumban 2001, da na Nuwamban 2008. Na Janairun 2010, kamar yadda rahotanni da dama suka nuna, ya tashi ne daga gardama a kan wani mutum da ya zo sake gina gidansa da aka rushe a rikicin baya. Wutar ta iso Bukuru, ta ci gidaje da shaguna. A Kuru Karama aka kashe Musulmi aƙalla 150 bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, a ranar 7 ga Maris kuma aka afka wa Dogo Nahawa da ƙauyukan da ke kusa, aka kashe ɗaruruwan Birom, yawancinsu mata da yara. Tun daga lokacin unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa, mutane suka sayar da gidajen da aka haife su a ciki don su sayi kwanciyar hankali.

Ba mu da niyyar yanke hukunci a nan a kan wanda ya riga wani zuwa. Birom yana da gaskiyarsa: an haƙe gonarsa ba da shawararsa ba, kuma yana tsoron ya wayi gari baƙo a ƙasar kakanninsa. Bahaushen Bukuru yana da tasa: kakansa a nan aka binne shi, idan an ce ya koma gida bai san inda ake nufi ba. Karin maganarmu ta ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato ɗaya rana na fitowa zai bushe, ɗayan kuwa saiwarsa ta yi nisa. Abin da Idin Bukkoki ya yi shi ne ya ɗauki kabar ya ce mata ta yi kwana bakwai tana raɓa. Bai ƙwace mata gona ba, bai ce babu bambanci tsakanin mai gida da mai wucewa ba. A rana ta takwas kowa zai koma ɗakinsa. Ya dai hana mai gida ya manta cewa takardarsa ta aro ce. Kuma kowa ɗan ƙasa ne a wani wuri: wanda ake kira baƙo a Bukuru, danginsa ne masu gida a Kano, inda Sabon Gari ke da nata labarin.

Za a iya yi mana ƙorafi mai ƙarfi, kuma bai kamata mu kauce masa ba. Mai ƙorafin zai ce: wannan ai wasa ne. Wanda ya kwana bakwai a bukka yana da makullin gidansa a aljihu, me ya sani game da matar da ta kwana a zauren Geosciences da ke Anguldi, a bakin Bukuru, inda aka tara dubban waɗanda suka tsere daga hare-haren Barikin Ladi na Yunin 2018? Talaucin da mutum ya zaɓa, ya kuma san ranar ƙarewarsa, ado ne. Ƙorafin ya ƙara nauyi a zamaninmu, domin harin 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila, ya faɗo ne a ranar taron rufe wannan idi, yaƙin da ya biyo baya kuma ya kashe dubun dubatar Falasɗinawa, ya raba mafi yawan mutanen Gaza da gidajensu, ya zuba su cikin tantuna. Bayan wannan, da wane baki za a yabi bukka?

Amsar da muka samu tana cikin dokokin idin kansu. Mishna ta ce idan ruwan sama ya sauko har ya ɓata abincin da ke cikin kwano, a tashi a shiga gida. Malamai suka ƙara da cewa marar lafiya da mai jinyarsa, da duk wanda zaman bukkar ke cutarwa, an ɗauke musu. (A Bukuru, inda damina kan kai Oktoba kuma sanyin dare ba ya wasa, da wannan sassauci ya yi aiki ƙwarai.) Ma'ana, ba a ɗauki wahala a matsayin abin nema ba, ba a kuma ce Allah ya fi son mutum a cikin ruwa ba. Wanda aka kora daga gidansa ba shi ne ake wa wa'azin bukka ba. Shi abin da yake bi bashi gida ne. Darasin na mai rufin kwano ne. Idan aka juya shi, aka je sansanin gudun hijira ana gaya wa mutane duniya rumfar kara ce su yi haƙuri, alhali mai faɗin zai koma gidansa mai katanga, to an ɗauki maganin mai ƙoshi an ɗura wa mayunwaci.

Akwai kuma sharaɗi na biyu da ke hana idin zama wasa. Maimaitawar Shari'a, a babi na 16, ta lissafa waɗanda za a yi murnar tare da su: 'ya'ya, da bayi, da Balawe marar gādo, da baƙo, da maraya, da gwauruwar da mijinta ya mutu. Musa ɗan Maimuna, babban malamin Yahudawa da ya rayu a ƙasashen Musulmi ya rasu a Masar a 1204, ya yi hukunci mai zafi a kan wannan. Ya ce wanda ya kulle ƙofar gidansa ranar idi, ya ci ya sha da iyalinsa bai ciyar da matalauci ba, murnarsa ba ta ibada ba ce, ta cikinsa ce. Al'adar da ta zo daga littafin Zohar ta gayyatar baƙi bakwai na ɓoye zuwa bukkar, Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu da sauransu, ita ma ta zo da sharaɗin cewa rabon abincinsu a ba matalauta. Bukka mai bango uku, ko ba a faɗa ba, gefe guda a buɗe yake. Don haka ma'aunin zama a gaban Allah, bisa ga wannan idi, ba ya cikin abin da mai ibada ya ji a ransa, abin da babu mai iya tantancewa. Yana cikin abin da kowa zai iya ƙirgawa, wato su wane ne suka ci abinci a ƙarƙashin rufin.

Musulmin Bukuru ba zai ji wannan a matsayin baƙon tunani ba, ko da yake ba shi da wannan idi. Ya san tantunan Mina, inda sarki da talaka ke kwana cikin tufa iri ɗaya. Ya san i'itikafi, barin gida a goman ƙarshe na Ramadan. Ya san hadisin da Buhari ya ruwaito daga Ibn Umar, mai umurtar mumini ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai wucewa. Ba muna cewa addinan ɗaya ba ne, masu su ma ba za su gode mana ba idan muka faɗi haka. Muna cewa ne kowannensu ya tanadi lokacin da zai fitar da mai gida daga gidansa, sa'an nan kowannensu yana da mabiyan da suka dawo daga wannan fita suka ƙara wa katanga tsawo.

Misalin da ya fi kusa da abin da idin ke nufi, a iyakar Filato, bai faru a lokacin idi ba, kuma wanda ya yi shi ba Bayahude ba ne, ba Kirista ba. A ranar 23 ga Yunin 2018, da maharan suka shiga ƙauyukan gundumar Gashish a Barikin Ladi, mutane suka gudo zuwa Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, Bahaushe ta wajen uba, wato baƙo a lissafin takarda, ya shigar da mata cikin gidansa, ya shigar da maza masallaci, mutum 262, yawancinsu Kiristocin Birom. Ya tsaya a waje ya hana maharan shiga, ya roƙe su har ya ce su ɗauki ransa a madadin na baƙinsa. A 2019 Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta 'yancin addini. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa filin da masallacin ke kai, Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi shi shekaru da yawa da suka wuce. Masu ƙasa sun ba baƙi wurin kafa ɗakin Allah, ran da ƙasar ta ƙi su, a ɗakin suka kwana.